Fitilar Cittar Edna

Ranar Talata da safe matata Milka ta tsaya a bakin ƙofar ƙaramin ɗakin, ta ce tana jin wani wari kamar an ajiye roba kusa da murhu, kuma in ban duba ba wani abu zai lalace a ciki. Na shaƙi iska ban ji komai ba. Na ce mata warin dusar katako ne da ta sha ruwa. Ta ɗauki bokitinta ta wuce rijiya, ni kuma na buɗe littafin Edna na rubuta cewa na kunna fitila ƙarfe biyar da rabi, komai lafiya.

Edna 'yarmu ce ta biyu, tana ajin ƙarshe a makarantar aikin gona a Zariya. Ɗakin nan da can a cikinsa nake jibge buhunan citta. Tun shekarar da cuta ta shiga gonaki ta cinye tamu da ta maƙwabta, daga nan Kafanchan har wajen Kwoi, babu abin da ya rage a ɗakin sai igiyoyi da tsohon keke. Na koma masara da waken soya, amma ni manomin citta ne, ubana ma haka. Iri mai lafiya ne ba mu da shi. Wanda ake kawowa kasuwa kuwa ba ka san abin da ke cikinsa ba sai ka binne shi a gonarka.

Da Edna ta zo hutu ta share ɗakin, ta wanke shi da magani, ta sa raga a taga. Ta zo da citta 'yar kaɗan a kwali, wadda malaminta ya ba ta, an gwada ta ba cuta. Ta yayyanka ta ƙanana, kowane yanki da idonsa ɗaya. Ta dafa ƙasa da dusar katako a babbar tukunyar Milka kamar za a ci, ta bari suka huce, sannan ta dasa a faranti shida na roba masu ramuka, ashirin ashirin. A samansu ta rataye fitilar da sarƙa biyu.

Fitilar falle ce ta farin ƙarfe, faɗinta ya kai murfin akwatin kaya. A ƙasanta akwai ƙananan ƙwayoyi a jere layi takwas, wasu ja, wasu shuɗi, wasu fari, in an kunna sai ɗakin duka ya koma ruwan shunayya. A bayanta akwai haƙora na ƙarfe a tsaye kamar matsefi, da wani ɗan baƙin akwati da Edna ke kira direba. Wutar daga sola take zuwa, ta batir ɗin da ke falo. Edna ta ce daga Legas aka aiko da fitilar, ba a sayar da irinta a garin nan.

Wannan shuka ita ce aikin da za ta gabatar ta kammala karatu. In tsiron ya yi ƙarfi kuma, shi za mu kai sabuwar gona mu samu iri. Da za ta koma rubuta jarrabawa ta mako uku, ta zaunar da ni ta karanta mini dokoki. Ba a shiga da takalmi. Ba a shiga da kayan gona. A wanke hannu da sabulu. Kada a fitar da faranti waje ko rana ta fito, domin feshin ruwan sama na ɗauko ƙasa, cutar kuma a ƙasa take. Fitila awa goma sha huɗu kullum, a rubuta lokacin kunnawa da na kashewa da duk abin da ya faru.

"Baba, kai na bar wa, ba Mama ba," ta ce, tana ɗaure jakarta. "Don kai ne mai tsoro. Mai tsoro ba ya mantuwa."

Milka ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ni ma na yi, amma maganar ta yi mini daɗi.

Mako na farko ba abin da ya faru. Tsiron ya kai tsawon yatsa, ganye na biyu na buɗewa. Sai ranar Asabar aka wuni ana ruwa irin na Agusta, wanda ba ya da ƙarfi kuma ba ya tsayawa. Na shiga da yamma na ji ɗigo. Ɗakin ba shi da silin, wani tsohon ramin ƙusa a kwano ya buɗe, ruwa na sauka kamar taƙi ɗaya daga gefen fitilar. Na sa roba a ƙasa ta tara. Na tsaya ina kallon ɗigon, ina tunanin in iska ta juya fa, in ramin ya ƙara buɗewa fa ina wajen sujada gobe. Ban yi karatu mai zurfi ba, a aji uku na sakandare na tsaya, amma na san ruwa da wutar lantarki ba sa haɗuwa. Hawa kwano kuma a cikin wannan santsi ba zai yiwu ba.

Mu a nan duk abin da mutum ke so, da damina rufe shi yake yi. Sirdin babur leda, buhun acca leda, Littafi Mai Tsarki ma in za a je majami'a a leda ake sa shi. Citta kanta ranar da ka shuka ta, ranar za ka rufe ta da ciyawa, wanda bai rufe tasa ba kowa ya san rago ne. Don haka ban tsaya dogon tunani ba. Na ɗauko baƙar leda mai kauri wadda ta zo cikin buhun taki, na wanke ta da sabulu saboda dokar Edna, na goge, na shimfiɗa a bayan fitilar ta rufe haƙoran da akwatin duka. Na ɗora buhu a kai, na ɗaure da robar tayar keke ta kowane gefe don kada iska ta ɗaga. Na yi ɗauri mai kyau, irin wanda nake yi wa kaya a bayan babur. Ban rubuta a littafi ba, domin a ganina wannan maganar kwano ce, ba maganar shuka ba. Milka ma ban gaya mata ba.

Kwana uku ke nan kafin ranar da ta ji warin. Da rana a Talatar na dawo daga gona, na yi wanka, na canja riga, na leƙa. Hasken na rawa. Ya yi ƙasa ya dawo, ya yi ƙasa ya dawo, kamar ana wasa da makunni. Na ɗauka batir ne saboda gajimare, na je falo na ga batir a cike. Na zare filogi na mayar, ya tsaya. Bayan minti goma ya fara kuma. Da na kai hannu bayan fitilar sai na janye da sauri, zafinta ya kai na tukunyar da aka sauke yanzu.

Na kashe, na kwance ɗaurin. Ledar ta narke ta manne wa baƙin akwatin, sai da na ɓamɓare ta da wuƙa. A lokacin ne na ji warin da Milka ta faɗa. Na dunƙule ledar na sa a aljihu, na kai ta can bayan shinge na tura ƙarƙashin tarin itace.

Laraba da safe fitilar ta kama ta yi minti shida ta mutu. Na bar ta ta huce, ta kama ta yi biyu. Daga nan ba ta ƙara kamawa ba. Na canja soket, na bubbuga akwatin da yatsa, na bi waya da ido daga farko har ƙarshe. Na buɗe taga, amma sama a rufe take, hasken da ya shigo ko allura ba ka zura zare da shi. Edna ta kira da yamma, muryarta a gajiye, ta ce ranar Juma'a take da jarrabawar da ta fi ba ta tsoro. Ta tambayi 'ya'yanta, haka take kiran tsiron. Na ce suna lafiya. A littafin ma abin da na rubuta ke nan, kwana biyu a jere.

Milka tana tankaɗe a gefe, ta ji ni. Da na ajiye wayar sai ta ce mu fitar da farantan baranda su sha ko ɗan hasken da ke akwai, citta ai ba jaririya ba ce, shekara nawa muna noma ta a fili. Na ce Edna ta hana. Ta ce to Edna ta ce a yi mata ƙarya ne?

Alhamis da safe na ga abin da nake tsoro. Koren ganyen ya kwanta, ya yi fari fari, tsiron na miƙewa wajen taga. A faranti biyu kuma bakin wasu ganye ya yi rawaya. Na ƙirga, tara. Na tsuguna a gabansu ina dubawa, domin haka cutar ta fara a gonata a waccan shekarar. Bakin ganye rawaya ranar Litinin, kafin Lahadi kadada biyu ta kwanta, ka tono citta ta narke a hannunka tana wari.

Na hau babur na shiga kasuwa wajen masu gyaran talabijin. Na nuna wa ɗaya hoton fitilar a wayar Milka. Ya ce direba ne ya ƙone, ba a gyara shi, sai dai a aiko da sabo, mako biyu in an yi sa'a. A hanyar dawowa, da na tsallaka layin dogo, sai na tuna da Dattijo Meshak.

Meshak ya yi shekara talatin yana aikin wuta a reluwe kafin ya yi ritaya. Dattijon ikilisiyarmu ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma da ƙyar, hannunsa kuma na rawa har ba ya iya riƙe kofin Jibin Ubangiji sai an tallafa masa. Na same shi a baranda yana sauraron rediyo. Na yi masa bayani, ban ambaci leda ba. Ya ce wa jikarsa ta miƙo masa jakar aikinsa da wani kwali daga ƙarƙashin gado, na ɗaure kwalin a gaba, shi ya zauna a baya, muka taho a hankali.

A bakin ɗakin na roƙe shi ya cire takalmi ya wanke hannu. Ya ce shekararsa hamsin yana shiga majami'a ba wanda ya taɓa riƙe masa sabulu a ƙofa, yau ga shi zai gaida citta sai da tsarki. Milka ta zuba masa ruwa tana dariya. Ya shiga yana lalube, na kai hannunsa kan fitilar. Ya shafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya shafa akwatin, yatsansa ya tsaya a kan ragowar ledar da ta manne. Ya kai hanci ya sunsuna.

"Baban Edna, me ka sa wa fitilan nan?"

Milka na tsaye a ƙofa. Na faɗi komai, da ɗigon da ledar da buhun da robar keke. Ban ɗaga kai ba.

Meshak bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kan haƙoran, ya ce ta nan abin yake numfashi. Ƙwayoyin nan suna ba da haske ta gaba, zafinsu na fita ta baya, iska ta bi tsakanin haƙoran ta kwashe. Ya ce na ɗauki mai gudu na sa masa bargo na ɗaure. Milka ta ce, ba da ƙarfi ba, ashe hancinta bai tsufa ba. Daga nan ta tafi ta share teburin falo ta jawo shi bakin ƙofa inda haske ya fi.

Muka sauko da fitilar muka kifa ta a kan tsohon zane. Meshak ya ce shi ba ido ba hannu, ni zan yi aikin, shi zai zama kai. Na ce ban taɓa buɗe ko rediyo ba. Ya ce wanda ya iya yanka citta bai taɓa idonta ba zai iya wannan.

Sukuru huɗu ne ke riƙe da murfin akwatin. Ɗaya ya ƙi, leda ta cike kansa, sai da na sassaƙe da allura. Da murfin ya tashi na kai yatsa, Meshak ya buge hannuna, ban san yadda aka yi ya gani ba. Ya ce akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko an zare filogi, yana iya jefar da mutum daga kujera. Ya fito da wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu daga jakarsa, ya sa na taɓa su a ƙafafun wani abu mai kama da ƙaramin gwangwanin madara. Ƙwan bai ko yi ja ba. Ya ce yanzu na taɓa.

Ya ce in gaya masa abin da nake gani, kada in tsallake komai. Na ce koren allo ne, da abubuwa a tsaye kamar gidaje. Gwangwani babba ɗaya, ƙanana biyu. Ya tambayi kawunansu. Na ce babban kansa a shafe yake, ƙaramin ɗaya ma haka, ɗayan kuwa kansa ya kumbura kamar burodi, wani abu ruwan ƙasa ya fito ta gindinsa ya bushe. Meshak ya jingina da kujera ya ce mun gode wa Allah, kwandensa ne, wannan ciwon yana da magani. Zafi ne ya dafa ruwan da ke cikinsa.

Akwai lambobi a jikinsa, ƙanana ƙwarai. Na kasa karantawa. Milka ta ɗauko tabaran da take karatun Littafi da su, ta karanto lamba biyu, Meshak ya maimaita su sau biyu. Ya ce ta farko dole ta zo daidai, ta biyu in ta fi ba laifi, amma kada ta gaza. Muka zazzage kwalinsa a tabarma. Allunan matattun dikoda ne da talabijin da caja, duk ƙura, har da gidan zanzaro a jikin ɗaya. Milka ta zauna ta miƙe ƙafa tana ɗaga su ɗaya ɗaya wajen haske tana karantawa, Meshak na cewa a'a, a'a, wuce. Mun fi rabin awa a haka. Ruwa ya sake saukowa, na tashi na je na duba robar da ke tarar ɗigo na dawo. A allon wata dikoda aka samu. Lambar farko daidai, ta biyu ta fi.

Ya sa na jona ƙarfen narka dalma, wanda yake kira ayan. Ya ce in fara koyo a kan dikodar, tun da ita ta riga ta mutu. Na ɗora bakin ƙarfen a ƙafar kwandensan, dalmar ta yi ƙyalli ta narke, na ja da filaya. Ƙafa ta farko ta fito, a ta biyu na ƙona babban yatsana. Milka ta ce in sa a ruwa, Meshak ya ce in bari sai an gama, kowane mai aikin wuta da tabonsa.

Kafin in cire kumburarren ya sa na duba farin layin da ke gefensa, na ga wace kusurwa yake kallo, na yi alama a allon da biro. Ya ce in na juya sabon baibai zai fashe kamar ƙwai a wuta. Na cire, na goge dattin da auduga da ɗan sifirit. Sabon ya fi tsohon tsawo, murfi ba zai rufu ba. Meshak ya ce in lanƙwasa ƙafafunsa in kwantar da shi, ba ruwansa da tsaye ko kwance.

Na fara ɗiga dalma a ƙafafun sabon. Ɗigon farko ya yi yawa, dalma ta malala ta haɗe da ƙafar da ke kusa. Na ce na ɓata. Ya ce in ɗumama in share da bakin ƙarfen, in ja gefe, kada in yi sauri. Na yi sau uku kafin su rabu. Ya ba ni mitarsa ta gwajin wuta ya ce in taɓa wuraren biyu, in ta yi kuka akwai sauran haɗi. Ba ta yi kuka ba. Ya sa Milka ta duba da tabarau, ta ce tsakaninsu a share yake. Na mayar da murfi, na kankare sauran ledar daga tsakanin haƙoran da tsinken tsintsiya har ƙarfen ya fito fari.

Muka jingina fitilar da bango tana kallon ƙofa. Meshak ya ce kowa ya ja baya. Milka ta yi gajeriyar addu'a da yarenmu. Na sa filogi.

Falon ya koma shunayya, har farin gashin Meshak. Ya ce ko shi ya ga wannan. Na tsaya ina jiran rawar hasken, bai yi ba. Amma da na runtse ido na ƙirga layukan, bakwai ne ke ci. Na gefen dama, wanda ya fi kusa da akwatin, a mace yake. Na gaya masa. Ya sa na kashe na duba ƙwayoyin, na ga biyu a layin sun yi baƙin ɗigo a tsakiya. Ya ce waɗannan sun ƙone, kuma babu irinsu a kwalinsa, in muka ce za mu yi dabara za mu iya kashe sauran. A bar shi haka.

Muka kunna muka zauna. Milka ta kawo faten acca. Kowane minti goma sai in tashi in ɗora tafin hannu a bayan fitilar, ɗumi kawai, kamar jikin mutum. Meshak ya ci kwano biyu yana ba mu labarin lokacin da jirgi huɗu ke kwana a tasha. Bayan awa ɗaya da rabi ya ce a rataye. Na matsar da sarƙar nesa da ɗigon, abin da ya kamata in yi tun ranar Asabar, na jawo farantan ƙarƙashinta. Da na mayar da Meshak gida, yana sauka daga babur ya ce, "Ka gaya wa yarinyan. Gyaran bai ƙare ba sai ka gaya mata."

Juma'a rana ta ɗan fito da hantsi, na hau kwano na toshe ramin da kwalta. Na jira har ƙarfe huɗu, lokacin da na san ta fito daga jarrabawa, na kira. Ta ce ta yi abin da za ta iya. Na ce ina da magana, ta samu wuri ta zauna. Na faɗa mata daga ɗigon har layin da ya mutu, har da abin da na rubuta a littafi.

Da na gama sai ta tambaye ni.

"Awa nawa ba haske, Baba?"

Na ce daga tsakar ranar Talata zuwa yammar Alhamis, ban da 'yan mintoci. Na ji tana rubutu. Ta tambayi waɗanne faranti ne ke ƙarƙashin mataccen layin, na ce na biyar da na shida. Ta ce kada in canja musu wuri kuma. Na tambaye ta ko in yage shafukan nan biyu in sake rubutawa da kyau.

"Kar ka yage komai. Ka ja layi ɗaya a kan lafiya ɗin, yadda za a iya karantawa, ka rubuta gaskiyar a gefe. Har da ledar."

Na ce malaminta zai gani. Ta ce don ya gani ne. In ya ga tsiro ya tsaya kwana uku ba dalili a takarda, ita zai tuhuma. Can ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce da ma ta san zan rufe wani abu, ta ɗauka farantan zan lulluɓe da ciyawa.

Sai na gaya mata maganar guda taran. Dariyar ta tsaya. Ta ce in wanke hannu in shiga da wayar. Ta sa na matsa gindin kowanne a hankali, ko ya yi laushi. Na ce da ƙarfinsu. Ta ce in sunsuna ƙasar. Na ce warin dusa kawai. Ta tambaya ko na taɓa shiga da kayan gona, na ce a'a, sai dai ledar nan daga buhun taki ta fito, buhun kuma ya kwana a gona, ko da yake na wanke ta. Ta ce in ciro taran da ƙasarsu da cokali mai tsabta, in sa a wata roba dabam a kusurwar da haske ke kaiwa, in riƙa ba su ruwa a ƙarshe da kofinsu, in wanke hannu kafin in taɓa sauran. Kowace safiya Mama ta aiko mata da hoto.

Yau kwana biyar ke nan. Fitilar na ci awa goma sha huɗu ba rawa, layi bakwai. Koren ya dawo wa yawancin tsiron, sun daina karkata wajen taga, na faranti na shida ne ke baya kaɗan. Na gyara littafin yadda ta ce, da rubutuna mara kyau, shafi ɗaya da rabi.

Guda taran suna kusurwa. Rawayar ba ta ƙaru ba, ba ta kuma tafi ba, ɗaya ya fito da sabon ganye. Edna za ta dawo Asabar mai zuwa. Ban sani ba ko rashin haske ne ya taɓa su ko cutar ce ta shigo ɗakin, ita ma ta ce ba za ta sani ba sai ta tono ɗaya ta yanka ta duba cikinsa.